Musayar waƙa: gogen Nissel

Ɗan Zazzau: Salamu alaikum. Yau kan Siegmund Nissel, Bayahude mai goge, za mu yi. Na buɗe:

A Munik ta Jamus aka haife shi, 1922 ce shekara,
Biyana ta Ostiriya ya girma, can ya ci gaba da goge da izga,
1938 Hitila ya haɗiye Ostiriya,
Bayahude ya zama naman farauta,
Aka sa shi jirgin yara, ba uwa ba uba,
Su kusan dubu goma Ingila ta karɓa.

Hajiya Mai Lalle: Wa alaikumus salam. Malam, dakata.

Kada ka yi wa Ingila saurin yabo,
Ta buɗe ƙofa, ta juyo ta sa kwaɗo,
1940 aka ce maƙiyi ne baƙo,
Tsibirin Man, waya mai ƙaya ta kewaye yaro,
Wanda ya gudo wa Jamus, da sunan Jamus aka kamo,
An gudu ba a tsira ba, ina abin yabo?

Ɗan Zazzau:

Hajiya kin faɗi gaskiya, ba na musu,
Amma cikin wayar nan ya ga Schidlof, shi ma mai goge, suka gamu,
Da suka fito Brainin mai goge ya zama na uku,
Max Rostal ya koyar da su, bai karɓi sisi a hannunsu,
Lovett ɗan Landan ya cike su huɗu,
Amadeus suka sa wa ƙungiyar gogensu,
Janairun 1948 a zauren Wigmore na Landan, da sunan nan aka fara jin su.

Auta: Ku yi haƙuri manya, ni ma in tsoma baki.

Baba, na ji goge na biyu ya riƙe,
Brainin ne a gaba, shi yana baya a raɓe,
Duk wahalar nan ɗan amshi ya ƙare?

Hajiya Mai Lalle: Kai Auta, zo nan.

Ɗana, ka taɓa jin waƙa ba 'yan amshi?
Cire na biyu ka ji yadda kiɗa ke faɗi,
Shekara arba'in ba wanda ya bar wani,
1987 Schidlof ya rasu, abokin kurkuku,
Aka ce su nemo wani, ga masu goge birjik,
Su ukun suka ƙi, suka rufe ƙungiya,
Nissel ya koma koyar da ɗalibai,
Har 2008 da ya rasu a Landan.

Auta: Hajiya, amsa-amonki ya tsere a ƙarshe fa.

Hajiya Mai Lalle: Na sani. Da na zo kan Schidlof ne ya ƙi zama.