Dan Allah ta ina zan fara koyon dizain fatan? Kod ɗina ya rikice min

Sabon Shiga:
Slm 'yan uwa barkanmu da warhaka. Shekara biyu kenan ina rubuta kod da yaren PHP da Laravel (tsarin gina manhajar yanar gizo a kan PHP), bara na yi wa wani Alhaji mai sarin kayan masarufi manhajar lissafin kaya da ciniki, da farko lafiya lau, to yanzu ya buɗe shago na biyu kuma yana so a riƙa karɓar kuɗi hannu da POS da taransifa har da bashi ga tsofaffin kwastomomi. Duk lissafin a kwantirola ɗaya (fayil ɗin da ke karɓar saƙon mai amfani da manhaja) na zuba shi wlh ta haura layi 900, in na taɓa nan sai can ya ɓaci. Makon jiya aka sayar da katan goma na taliya, kuɗi ya shiga lissafi amma kaya ba su ragu a sito ba, sai da Alhaji ya biyo ni har gida. Wani ya ce in koyi dizain fatan (design patterns), wato sanannun salon tsara kod, na samo littafin nan Design Patterns da mutum huɗu suka rubuta na karanta shafi talatin ban tsinci komai ba. Ku taimaka.

Tsohon Hannu:
Wslm ƙanena. Ajiye littafin tukuna, ba laifin kanka ba ne. A 1994 su Erich Gamma suka fitar da shi, salo 23 ne a ciki, misalan kuma da C++ da Smalltalk, wanda bai taɓa shan wahalar da suke magani ba zai ga kamar surutu ne kawai. Kai kuma yanzu ka sha taka, ita za ka bi.

Maganar taliya ma ba ta kai ga fatan ba. Rubuta ciniki da rage kaya aiki biyu ne da dole su tafi tare, ko duka su yiwu ko duka su fasa, ka kunsa su cikin DB::transaction, wato taransakshin da ke ɗaure su tare a databes, yau ɗin nan kafin ka kwanta. Bayan haka ka kwashe lissafin ciniki daga kwantirola ka kai shi kilas (class, ƙunshin kod) nasa daban, kwantirola ta zama kamar yaron shago, ta karɓi saƙo ta miƙa ta dawo da amsa. Shi ne Service Layer da aka yi bayani a littafin Martin Fowler na 2002 kan manhajojin kamfanoni, kuma shi ya fi kusa da aikinka. Kana ma amfani da fatan baka sani ba, Eloquent ɗin da kake kira kullum don magana da databes ai salon Active Record ne, kowane kilas na tsaye a madadin tebur ɗaya na databes.

Hanyoyin biyan kuɗi kuwa nasan if da else ka jera har ƙasa. Kowace hanya ka ba ta kilas nata, dukkansu da fankishin mai suna ɗaya, ranar da Alhaji ya ƙaro wata sabuwa sai ka ƙara kilas kawai. Sunan wannan Strategy, in ka gama ka koma littafin ka karanta babinsa, za ka yi dariya.

'Yar Zariya:
Na yarda da Yaya amma kafin ka motsa layi ɗaya ka rubuta gwaji, ko guda biyar ne, a sayi kaya, a duba sito ya ragu, a duba kuɗi ya shiga. In ba haka ba gyaran gangar auzinawa za ka yi. Kuma dan Allah kar bidiyon YouTube su ruɗe ka ka ɗora Repository (kilas ɗin da ke shiga tsakanin kod da databes) a kan kowane model, wato kilas ɗin Eloquent, ni na yi, na tashi da fayil arba'in da ba abin da suke sai kiran Eloquent ɗin dai, wata biyu ina cire su.

Ɗan Java:
Hajiya a nan kam ban bi ki duka ba, Repository na da ranarsa, mu da ke kan Hibernate, takwaran Eloquent a yaren Java, tsarin Data Mapper ne mai raba kilas da tebur, kuma yana zama daidai. Amma a shago biyu eh bai buƙata. Abin da ba wanda ya faɗa, katan ɗaya ya rage, yaran shago biyu suka danna sayarwa lokaci guda, me zai faru? Ka duba lockForUpdate a Laravel, yana kulle layin kayan har ciniki ɗaya ya gama. Sannan kuɗi kar ka ajiye da float (lamba mai ɗigo), gwada 0.1 + 0.2 ka ga ko daidai yake da 0.3, ka mayar da komai kwabo ka ajiye cikakkiyar lamba.

Mai Zafin Nama:
Malam rushe shi kawai ka sake ginawa da microservices, wato ka raba shi ƙananan manhajoji kowacce da aikinta, haka manyan kamfanoni suke yi.

Tsohon Hannu:
Haba ɗan uwa, mutum ɗaya da saba (server) ɗaya, ga matsalar wuta ga data? Wanda ya kasa riƙe taransakshin a databes ɗaya ka ce ya raba ta gida biyar, so kake Alhaji ya tare a ƙofar gidansu.

Sabon Shiga:
Hhhh Allah ya saka da alheri, na sa taransakshin ɗin yanzu, na gwada cire waya a tsakiyar ciniki kuma duka suka fasa. Float ɗin ma wlh shi na yi amfani da shi, shi ya sa rahoton wata ke zuwa da 'yan kwabbai da ban san daga ina suke ba. Yaya shi bashin fa, cikin hanyoyin biya zan sa shi ko daban?

Tsohon Hannu:
Daban. Bashi ba biya ba ne, yana da mai shi da ranar alkawari kuma ana biyansa kashi-kashi, ka ba shi teburinsa, duk abin da kwastoma ya kawo daga baya ya bi ta ɗaya daga hanyoyin ukun. In ka ciro kilas ɗin ciniki ka turo nan mu duba, amma ka goge sunayen kwastomomi tukuna.