Waye ya taɓa zuwa wajen ajiye furen 'yan mazan jiya a Abuja?

Ɗan Bariki: Salam 'yan uwa. Babanmu soja ne, ya rasu a Laberiya lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ko gawarsa ba mu gani ba. Hajiyarmu ta matsa sai na kai ta dandalin tunawa da sojoji na Abuja ranar 15 ga Janairu, don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa min yadda abin yake.

Maman Khalifa: Allah ya jiƙan baba. Ni na je sau ɗaya, wurin yana daura da Eagle Square. Gsky in ba ku da katin gayyata daga nesa za ku tsaya, an tare hanya tun da sassafe, mu dai ƙarar bindiga muka ji sai begila, ko shugaban ƙasa ban hango ba balle furen. Ka riƙe wa Hajiya ruwa da kujera.

Baban Sadiq: Ni a talabijin na kalli na 2021 da Buhari ya buɗe kejin tattabaru suka ƙi tashi, aka yi ta surutu a Facebook har da masu fassara kamar mafarki, lol. Wlh ni abin da ya tsaya min shi ne matar da ta ajiye fure a madadin matan da aka kashe wa mazaje, ba wanda ya yi zancenta sai tattabaru.

Malam Na Zariya: Kakana ya yi yaƙin Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu, kullum cewa yake su a da 11 ga Nuwamba suka sani, daga baya aka mayar 15 ga Janairu saboda ranar aka gama yaƙin basasa a 1970. Da na je wata ranar Talata haka kawai, shiru ba kowa, na tsaya ta bakin titi na karanta masa Ƙulhuwallahu, sai na ji ya fi min ranar bikin.

Ɗan Bariki: Na gode sosai. Na karanta wa Hajiya, ta ce ita ba shugaban ƙasa za ta je gani ba, ranar Talatar za mu je.

Maman Khalifa: To ku fita da wuri kafin rana ta yi.