Hannuna na daskarewa idan na ga taro

Ɗan Birni:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara 3 ke nan ina koyon gurmi a wurin kawuna. In ina zaure ni kaɗai, duk kiɗan da ya koya mini ba ya gagara ta. Asabar ɗin da ta wuce aka kai ni bikin wani abokina a Garin Malam. Ana ajiye mini lasifika mata suka rangaɗa guɗa, sai yatsuna suka yi sanyi ƙalau, alhali gari ana zafi kamar a gasa gurasa. Ina cikin kiɗa na dubi hannuna, shi ke nan hanya ta ɓace mini. Sau biyu ina komawa farko. Har yau kunyar ba ta sake ni ba, ga wani biki bayan Babbar Sallah. Yaya zan yi?

Malamin Karkada:
Wa alaikumus salam ƙanena. Sanyin yatsu ba ciwo ba ne. In gaba ya faɗi, jiki na sakin wani sinadari, adirinalin, zuciya ta ƙara gudu, jini ya janye daga yatsu ya tafi manyan tsokoki. Ka ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali ya fi jan tsawo, kamar sau biyar kafin ka taɓa tsarkiya.

Amma inda ka ce ka dubi hannunka, nan ne gizo ke saƙar. A 2001 masu bincike biyu a Amurka, Sian Beilock da Thomas Carr, sun nazarci masu wasan golf. Abin da suka gano shi ne, aikin da hannu ya riga ya haddace yakan rikice idan mutum ya tsaya yana bin sa daki-daki don tsoron kuskure. Saboda haka ka sa kunnenka ga amon, ko ga ƙafar masu rawa. Sannan ka daina soma bita daga farko kullum. Ka tsinci wurin da ka tuntuɓe, ka yi ta yin sa a hankali, minti 20 da safe, 20 da marece. Ya fi maka awa uku a zama ɗaya, don barci ma na taimaka wa hannu ya riƙe abin da ya koya.

Baba Mai Algaita:
Ɗana, jikana ne ke rubuta mini. Ranar da na fara busa a hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, miyau ya ƙafe mini ƙaf, ga dawaki, ga ƙura, ga jama'a har kan katanga. Maigidana bai tsawata mini ba, matsowa ya yi ya ɗauke busar har na dawo hayyacina. Kuskurenka ɗaya ne, komawa farko. In ka ɓata, riƙe bugun, ka yi ta zagayawa a kai har hanya ta buɗe. Masu rawa ba su san ka ɓata ba sai ka tsaya. Kuma zaure ba ya koya wa mutum taro. Ka je fadarku, inda kuke zaman hira, da dare, ka kaɗa wa abokanka suna shan shayi suna surutu.

Ɗan Birni:
Allah ya ƙara girma, Baba. Malam, na gode ƙwarai. Daren jiya na kai gurmin fada, mutum bakwai ne, na sa ɗaya ya ɗauka da salula. Na ɓata a wuri guda dai, amma ban tsaya ba. Alhamis in an taso daga kasuwar Dole zan sake, kawuna ma ya ce zai zo ya zauna a gaba.