Yadda Babba Zai Riƙe Walwalar Ƙuruciya

Da aka tambayi yadda babba zai riƙe walwalar ƙuruciya, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa nauyin iyali da tsoron zubar da girma sun fi yawan shekaru kashe walwalar mutum. Shawarar da ta fi ƙarfi, a ganina, ita ce babba ya zauna ƙasa ya yi wasa da yara tsakani da Allah, ya bar su su kafa dokar wasan, kuma idan suka cinye shi ya yi dariya tare da su. Wasu sun ce a koyi sabon abu ba tare da jin kunyar kuskure ba. An kuma ambaci motsa jiki da isasshen barci, domin gajiyayye ba ya iya raha.