Tiyo mai 10/13 zai zauna a kan mahaɗi mai 10/16?

Jama'a, don Allah ku taimaka. Ina haɗa wa kwamfutata na'urar sanyayawa ta ruwa, amma na maƙale a wajen tiyo. Mahaɗan da ke hannuna masu zoben matsewa ne, 10/16 (wato na tiyo mai faɗin ciki milimita 10, faɗin waje 16), haƙoran murɗa su ma'aunin G1/4 ne, sun hau radiyeta da famfo lafiya lau. Tiyon kuwa 10/13 ne, wato faɗin wajensa milimita 13. Tunda faɗin ciki milimita 10 ne duka, yana shiga daram, sai dai zoben ba ya kama shi, ko na ɗaure har ƙarshe. Abin da nake tsoro kenan, ruwa ya ɗiga kan katin hoton kwamfutar (graphics card).

Dole sai na canja tiyon? In haka ne, tiyon roba na EPDM zan saya ko na filastik PVC? Na ji ana cewa PVC yana dusashewa, yana barin datti cikin bulok, wato ƙarfen da ruwa ke bi ta ciki don sanyaya sassan kwamfuta.