Shiyya ko hurumi: wace kalma za mu ba "zone" a DNS?

1/ 'Yan uwa masu kula da sabar kamfanoni (server), ku zo mu yi shawara kan DNS, tsarin da ke mayar da sunayen intanet zuwa adireshin na'urori. Da "domain" da "zone" duk "yanki" muke ce musu, kuma wannan yana rikita masu koyo, domin abubuwa biyu ne daban.

2/ A ce kamfani yana da sunan kamfani.example. Duk sunan da ya ƙare da wannan, ko na shafin intanet ne, ko na sabar wasiƙu, ko na ofishin reshe, yana cikin domain ɗin. Wannan na yarda a bar masa "yanki". To amma ranar da hedkwata ta rubuta layin NS (layin da ke nuna sabar da ke kula da wani suna) a fayil ɗin da take ajiye sunayenta ta ce daga yau sabar reshe ce za ta riƙa amsa tambaya kan reshe.kamfani.example, an raba gari ke nan. Sunan reshe yana nan cikin yankin kamfani, sai dai fayil ɗin hedkwata ba shi da ta cewa a kansa. Yanki ɗaya, zone biyu.

3/ Wasu sun kawo "shiyya", tunda haka ake fassara kalmar a labarai. Amma shiyya rabon taswira ce, gabas da yamma. DNS ba ruwansa da inda na'ura take zaune.

4/ Ni "hurumi" nake goyon baya, irin wanda ake nufi idan aka ce kotu ba ta da hurumin sauraron ƙara. Ku buɗe fayil ɗin kowane zone: layin SOA ne a samansa, wato mafarin iko. A nan ake faɗin babbar saba, da adireshin imel na wanda ke da alhaki, da lambar siriyal da ake ƙarawa duk sanda aka gyara fayil ɗin. Tun a RFC 1034 da 1035, takardun ƙa'idojin DNS da Paul Mockapetris ya rubuta a 1987, a kan iko aka gina abin: wa ke da ikon ba da amsa kan wannan suna?

5/ Ku ji shi a bakin aiki. "Ka ƙara lambar siriyal, in ba haka ba saba ta biyu, mai ajiye kwafi, ba za ta kwafi hurumin ba." Ko kuma sabon ma'aikaci ya sa layin A (mai haɗa suna da adireshin na'ura) na firintar reshe a fayil ɗin hedkwata, ya zauna jira, daƙiƙa 3600 na TTL (wa'adin da ake riƙe tsohuwar amsa) suka wuce, shiru. Da ka ce masa "ba hurumin hedkwata ba ne", ya gane inda gizo ke saƙar. "Ba shiyyarta ba ce" ba za ta nuna masa komai ba.

6/ "Record" kuwa, "layi" ya wadatar. "Rikodin" ɗaukar murya yake kawo wa mutum a rai. Sunayen ire-iren layuka kamar A, AAAA, MX, CNAME a bar su yadda suke, haka za a buga su a na'ura.

7/ Saura "delegation", wato abin da hedkwata ta yi wa reshe da layin NS. Ina tsakanin "miƙa hurumi" da "wakilci", kuma na fi karkata ga na farko, domin wakili da sunan wani yake magana, sabar reshe kuwa da ikon kanta take amsawa. Wanda ya saba koyar da wannan da Hausa, wanne ɗalibai suka fi saurin kamawa?