Idan na'urar busa ta ce direba ya wuce iyakar barasar da doka ta yarda a yi tuƙi da ita, shari'a ta ƙare ke nan?

Malam Auwal: Ni matsayina ɗaya ne. A Amurka, da zarar na'ura ta nuna 0.08, wato giram 0.08 na barasa a mililita 100 na jini, lauya ba shi da sauran abin yi sai roƙon sassauci. Adadin kansa shi ne laifin, ko da direban yana tafiya sarai bai kauce hanya ba. Jihar Utah ma ta sauko da shi zuwa 0.05 tun ƙarshen 2018.

Barista Hauwa: Malam, adadin laifi ne, amma sai mai gabatar da ƙara ya nuna an samo shi bisa ƙa'ida. Jami'i wajibi ne ya zuba wa mutum ido minti 15 zuwa 20 kafin busa. In ya yi gyatsa ko amai a tsakani, barasar da ta taso baki za ta ɗaga lambar sama da abin da ke jini. Shi ya sa lauya ke fara neman bidiyon ɗakin gwaji da takardar da ta nuna ranar ƙarshe da aka saita na'urar. Sau da yawa bidiyon zai nuna jami'in ya juya baya yana cike takarda. Kuma na'urar numfashi take aunawa, ta ɗauka cewa barasar mililita 2100 na iska daidai take da ta mililita 1 na jini. Ba kowane jiki ne ke bin wannan lissafi ba.

Malam Auwal: Batun gyatsa na yarda. Na 2100 kuwa an toshe shi, Barista. Jihohi da dama sun rubuta iyakar kai tsaye da giram a lita 210 na numfashi, ba ruwan alƙali da jini.

Dakta Nura: Akwai batun lokaci kuma. Barasa kan ɗauki rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi kafin ta kai ƙololuwa a jini, musamman in ciki da abinci. Wanda aka tsayar jim kaɗan bayan kurɓar ƙarshe, aka auna shi bayan awa guda, yana iya fin yadda yake a lokacin tuƙi. Amma takobi ne mai kaifi biyu: jiki na zubar da kusan 0.015 a awa, don haka masanin gwamnati zai iya lissafi da baya ya ce a hanya ya fi haka.

Barista Hauwa: Gaskiya ne, Dakta, kuma wasu jihohin sun ce awon da aka yi cikin awa biyu ko uku da tuƙi ya wadatar. Abin da ke damuna shi ne masu ba mutane shawarar su ƙi busawa. A Ingila ƙin bayar da numfashi ba tare da uzuri ba laifi ne mai zaman kansa. A can sau biyu ake busawa a ofishin 'yan sanda, a ɗauki mafi ƙanƙanta, iyakar maikirogiram 35 na barasa a mililita 100 na numfashi.

Malam Auwal: To ai kin dawo kan maganata.

Barista Hauwa: Ban dawo ba. A shari'ar Birchfield ta 2016, Kotun Ƙolin Amurka ta halatta gwajin numfashi bayan kama mutum ba tare da waranti (takardar izinin kotu) ba, amma ta ce ɗibar jini sai da shi. In an ɗebi jini babu waranti, babu yardar mai shi, babu wani dalilin gaggawa, lauya zai nemi a cire sakamakon daga hujjoji tun kafin a fara sauraron shaidu.